Yadda Za Ka Naɗi Kiɗan Jita a Kwamfutar Gida, Mataki-Mataki

Tambayar da matasa masu kaɗa jita suka fi yi mini ita ce: "Malam, wace na'ura zan saya in riƙa naɗar kiɗana a gida?" Wasu ma sai bayan sun kashe kuɗin suke zuwa, da ƙorafin cewa sautin yana fashewa, ko yana fita da gurnani, ko kuma sai sun taɓa tsirkiya an jima sannan su ji ƙarar a kunne. Kusan duk wanda na zauna da shi muka duba, ba tsadar kaya ce matsalarsa ba. Ya tsallake wani mataki ne, ko ya sa na biyar a gaban na biyu. Sautin da ya shiga kwamfuta da datti ba ya wankuwa daga baya, duk manhajar da aka sa masa. Don haka na jero aikin yadda ake yin sa, daga sayayya har zuwa fitar da fayil ɗin da za ka tura wa mutane. Na yi misalan da kwamfuta mai Windows, domin ita ce a hannun yawancinmu.

1. San irin jitarka tukuna

Kafin ka taka kasuwa, dubi jitar da ke hannunka, domin ita za ta faɗa maka abin da za ka saya.

Idan ta lantarki ce, irin wadda makaɗan Agadez suka yi fice da ita, kana da hanya biyu. Ko dai ka jona ta kai tsaye da waya zuwa akwatin sauti (bayaninsa yana mataki na 2), manhaja ta yi maka aikin amfilifaya a cikin kwamfuta, ko kuma ka kunna amfilifayarka ka kafa makirufo a gaban lasifikarta. Ga mai farawa, hanyar farko nake ba da shawara. Ta fi araha, ba ta damun maƙwabta, kuma ƙarar babur ko kukan zakara ba sa shiga cikin waya.

Idan ta katako ce zalla, mai rami a ciki, ba ta da wurin jona waya, to ba makawa sai makirufo.

Akwai kuma ta katako mai wurin jona waya, wadda ake sa wa batir mai 9V. Wannan za ka iya jona ta kai tsaye, amma ka sani sautin da waya ke bayarwa yakan fito siriri da kaifi, ba kamar yadda kunnenka ke jin ta a ɗaki ba. Ka fara da wayar, in hali ya samu ka ƙara makirufo.

2. Kayan da za ka tanada

Kwamfuta: ba sai sabuwa ba. Laftof ta hannu mai Core i5 da RAM 8GB ta isa ta ɗauki layukan jita da yawa, wato naɗe-naɗen da ake jerawa ɗaya kan ɗaya a manhaja. Idan akwai abu ɗaya da ya cancanci ka ƙara mata, ma'ajiyar SSD ce mai sauri a madadin tsohon hadis (hard disk) mai juyawa.

Akwatin sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad: wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ƙaramin akwati ne da ake jonawa da USB, yana karɓar sautin jita ya mayar da shi abin da kwamfuta ke fahimta. Abu uku za ka duba a jikinsa: mashigar jita mai rubutun INST ko Hi-Z, mashigar makirufo mai ramuka uku da ake kira XLR tare da maɓallin 48V mai ba wasu makirufo wuta, da kuma maɓallin Direct Monitor. Focusrite Scarlett Solo yana da dukkan ukun, kuɗinsa a ƙasashen waje tsakanin dala 100 ne da 150, gwargwadon zubin da ka samu. Scarlett 2i2 ya fi shi tsada, amma yana karɓar makirufo biyu a lokaci ɗaya. A ɓangaren masu sauƙin kuɗi akwai Behringer. Ƙanananta, UM2 da UMC22, ba su kai dala 100 ba, sai dai iyakar zurfin naɗarsu bit 16 kuma ba su zo da direban ASIO nasu ba, wato 'yar manhajar da ke haɗa akwatin da Windows ba tare da dogon jinkiri ba. Idan za ka iya ɗan ƙarawa ka ɗauki UMC202HD, zai ba ka bit 24 da direbansa, kuma za ka huta da wahala a mataki na 3. Na ambaci dala ne saboda farashin naira da na sefa yana bin canji. Ka tambayi shaguna biyu ko uku kafin ka biya.

Gargaɗi: kada ka sayi 'yar ƙaramar adafta mai sauya bakin waya don ka cusa jita a ramin hedifon na laftof. Wannan rami an yi shi ne don kiran waya. Sautin zai fito ba jiki, da shuuu a bayansa, kuma jinkirinsa ba zai bar ka ka yi kiɗa ba.

Wayar jita: mai kai irin na inci ɗaya bisa huɗu, wato milimita 6.35, da zobe baƙi guda ɗaya a kowane kai. Mita uku ta wadatar a ɗaki. Ka kula, wayar da ake haɗa amfilifaya da lasifika kamarsu ɗaya a ido, amma ba ta da rigar kariya a ciki, in ka sa wa jita sai ta kwaso gurnani. Ka ce wa mai shago ta jita kake so, kuma a gwada ta a gabanka, a lanƙwasa wuyanta a ji ko za ta yi ƙaras-ƙaras.

Hedifon: mai rufe kunne ruf, don kada sautin da kake ji ya tsiyaya ya koma cikin makirufo. Na bulutut ba ya wannan aiki, jinkirinsa ya yi yawa. Lasifikokin situdiyo kuwa ka bar su sai gaba.

Makirufo, ga mai buƙata: iri biyu ne za ka ci karo da su. Shure SM57, mai kusan dala 100, yana jure ƙara mai ƙarfi, ba ya kwaso hayaniyar nesa sosai, shi ya sa ya dace da gaban amfilifaya da kuma ɗakin da ba a gyara ba. Irin su Audio-Technica AT2020, waɗanda ake kira kondensa, sun fi kama laushin jitar katako, amma suna jin komai, har motsin kujera. Jabun makirufon Shure sun cika kasuwanni. Wanda aka yi maka tayinsa a kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa, ka bar shi. Ka haɗa da wayar XLR da sandar kafa makirufo. Sandar nan kada ka raina ta, domin makirufon da aka jingina da littattafai ba ya zama wuri ɗaya.

Sai sabbin tsirkiyoyi saiti ɗaya. Su ne mafi arha a jerin nan, kuma tasirinsu a sauti ya fi na abubuwa da yawa masu tsada.

3. Direba da manhaja, kafin ka jona komai

Mutane da yawa suna fara cusa USB ne sannan su nemi direba. Juya abin. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera akwatin, sauke direban zubin da ka saya, ka girka, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka jona akwatin kai tsaye a jikin laftof, ba ta cikin abin raba USB ba. Idan naka irin wanda bai zo da direba ba ne, ASIO4ALL za ka sauke, kyauta ne. Masu Mac yawanci ba sa buƙatar wannan, jonawa kawai suke yi.

Manhajar naɗa kuwa, ga yadda nake ganinsu. Audacity kyauta ce, tana da kyau wajen naɗar murya ko jitar katako layi ɗaya, amma ba a gina ta don ka riƙa jin amfilifayar manhaja kana cikin kaɗawa ba. Mai Mac yana da GarageBand kyauta, da amfilifayoyi a ciki. Idan ka riga ka saba da FL Studio ko Cubase a situdiyon da kake zuwa, ci gaba da abinka, duk suna yi. Wanda bai saba da kowacce ba, Reaper nake nuna masa. Fayil ɗin saukewarta ƙarami ne, ba zai cinye maka data ba, tana gudu a tsohuwar kwamfuta, ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisinta na mai amfanin kansa kuma dala 60 ne.

A Reaper, shiga Options, sai Preferences, sai Device a ƙarƙashin Audio. A gurbin Audio system zaɓi ASIO, a ƙasansa kuma zaɓi sunan akwatinka. Sa saurin ɗaukar sauti a 48000 idan kiɗan zai hau bidiyo, ko 44100 idan waƙa ce zalla. Duk wanda ka zaɓa, ka tabbata shi ne a manhajar akwatin ma, kuma kada ka sauya a tsakiyar aiki. Zurfin naɗa ka bar shi a bit 24.

Tun yanzu ka adana aikin da suna a cikin folda tasa. Kowace waƙa da foldarta. Wanda ya bar fayiloli suka watse a kwamfuta, ranar da zai kai aikin situdiyo zai tarar rabin layukan babu.

4. Jona jita da saita ƙarfin shiga

Murɗa maɓallin Gain na jikin akwatin, mai saita ƙarfin shigar sauti, ya koma ƙasa gaba ɗaya, haka na hedifon. Sa waya a jita, ɗaya kan a mashigar akwatin, sannan ka danna INST. Mantawa da wannan maɓalli shi ne ke sa jitar lantarki ta fito a dushe kamar an rufe ta da bargo. Buɗe maɓallin ƙara na jikin jitar har ƙarshe.

A Reaper danna Ctrl da T don buɗe sabon layi. Danna jan maɓallin da ke jikin layin don ya shirya ɗauka, sannan ka zaɓi mashigar da ka sa waya, ta ɗaya ko ta biyu, a matsayin mono. Jita ɗaya waya ɗaya ce. Idan ka zaɓi sitiriyo, kunne ɗaya kawai zai yi ƙara.

Yanzu ka kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, da irin ƙarfin da za ka yi da gaske, ba lallaɓawa ba. Kana kaɗawa kana ɗaga Gain a hankali, idonka a kan ma'aunin layin. Abin da ake so, bugun da ya fi kowanne ƙarfi ya tsaya tsakanin -12 da -6, sauran kiɗan yana yawo wajen -18. A Scarlett akwai zoben haske a kewayen maɓallin: kore lafiya, ruwan ɗorawa an kusa iyaka, ja kuwa sauti ya fashe.

Nan ne na fi so ka tsaya ka fahimta. Ma'aunin nan yana ƙarewa ne a sifili, kuma babu komai a samansa. Duk bugun da ya kai can, kwamfuta yanke masa kai take yi, abin da ya rage shi ne ƙarar nan mai kama da yagewar takarda, kuma rage ƙara daga baya ba ya dawo da abin da aka yanke. Masu farawa suna ganin zanen sautin ƙarami a allo sai su ji kamar bai shiga ba, su ƙara murɗawa. A bit 24 kana da fili mai yawa. Sautin da ya shiga a hankali ana ɗaga shi daga baya ba tare da ya lalace ba. Kuma da zarar an danna jan maɓalli hannun makaɗi yakan ƙara nauyi fiye da lokacin gwaji, don haka ka bar wa kanka sarari.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada ka taɓa ɗauko waya daga mafitar lasifika ta amfilifaya ka sa a akwatin sauti. Wutar da ke fita ta nan za ta ƙona shi. Idan amfilifayar tana da mafita mai rubutun Line Out, ita ce ta wannan aiki, kuma a lokacin sai ka kashe INST.

5. Jinkirin sauti

Idan ka taɓa tsirkiya sai ka ji sautin ya biyo baya kamar amsa-kuwwa, ba akwatinka ne ya lalace ba. Kwamfuta tana tara sauti ne ƙulli-ƙulli kafin ta sarrafa, girman ƙullin shi ake kira bafa. A saurin 48000, bafa mai 128 tana ɗaukar ƙasa da kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, mai 512 kuwa ta haura kashi 10, kuma sautin sai ya shiga ya sake fitowa, wato lissafin ya ninka har da ƙari. Hannu yana fara jin nauyin abin idan jimillar ta wuce kashi 10 zuwa 15.

Don haka lokacin naɗa ka sa bafa a 128. Idan ka ji ƙaf-ƙaf ko sauti na yankewa, kwamfutar ce ta gaza, ɗaga zuwa 256. Kafin ka ɗaga ma, rufe burauza, kashe wayifai, ka sa tsarin wutar Windows a mafi ƙarfi, domin tsarin tattalin batir yana rage wa kwamfuta gudu. In an zo gyaran sauti bayan an gama naɗa, mayar da ita 512 ko 1024, a lokacin jinkiri ba ya cutar da kowa.

Maɓallin Direct Monitor yana kawo maka sautin daga akwatin kai tsaye zuwa kunne, ba jinkiri ko kaɗan. Ga jitar katako shi ne mafita. Ga ta lantarki kuwa, busasshen sauti za ka ji, ba amfilifaya. Zaɓi ɗaya: ko Direct Monitor, ko sauraro ta cikin manhaja. Idan ka bar su biyun a kunne, sauti zai zo maka biyu a haɗe, kamar daga cikin bututu.

6. Korar gurnanin wuta

Wannan matakin namu ne musamman, domin gidajenmu da yawa ba a haɗa musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba, ga janareta, ga inbata. Wutarmu a Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan "huuum" da kake ji a hedifon muryarta ce.

Bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko zare cajar laftof. Idan gurnanin ya ɗauke, ka gano mai laifi. Cika batir ka yi naɗinka a kansa, tunda ƙananan akwatunan nan daga USB suke shan wuta. Wannan dabarar tana kuma kare ka daga ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗauka. Na biyu, kashe fanka, da dogon ƙwan fitila, da ƙananan ƙwayaye masu arha, ka nisanta wayar salula daga kan tebur ko ka sa ta a yanayin jirgi. Na uku, kana rataye da jitar ka juya a hankali a kan kujera kamar mai neman alƙibla. Maganaɗisun jita da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi, musamman siraran nan masu layi ɗaya, suna kwasar gurnani ta wata fuska su yi shiru ta wata. Inda ka ji ya lafa, nan za ka fuskanta. Matsawa baya daga laftof da taku biyu ma yana taimakawa. A jita mai maganaɗisu uku, matsayi na biyu da na huɗu a makunnin zaɓi yawanci sun fi shiru. Idan duk ka yi bai tafi ba, ari wata waya ka gwada.

Gargaɗi: za ka ji masu cewa a karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya gurnani zai tafi. Kada ka yi. Wannan ƙafar ita ce ke kai wuta ƙasa idan wani abu ya lalace a ciki, kuma tsirkiyoyin ƙarfe ne a hannunka.

7. Kafa makirufo

Wanda ya jona jita da waya zai iya wucewa mataki na 8.

Sa wayar XLR a makirufo da akwati Gain yana ƙasa. Idan kondensa ne, sai bayan ka jona za ka danna 48V, kuma in ka gama ka kashe shi ka ɗan jira kafin ka zare. SM57 ba ya buƙatar 48V.

Ga jitar katako, kuskuren kowa shi ne auna makirufo a bakin ramin. A nan iska da kauri suke taruwa, sautin ya fito bum-bum ba a rarrabe tsirkiyoyi. Auna shi wajen da wuyan jita ya haɗu da gangar jikinta, kusa da gaɓa ta 12 zuwa ta 14, da tazarar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 30. Naɗi daƙiƙa ashirin ka saurara. In ya yi siriri, karkato shi kaɗan wajen ramin. In ya yi kauri, ja shi baya ko ka mayar wajen wuya. Matsawar yatsa biyu tana sauya sauti fiye da yadda za ka zata, don haka ka ba wannan gwaji minti goma cikakku. In ka samu wurin, yi wa ƙafar kujera da ta sandar alama a ƙasa.

Ga amfilifaya, haska tocila ta cikin ragar gaba ka ga inda lasifikar take. Kafa SM57 yatsa biyu daga ragar. Tsakiyar lasifika kaifi ne da ita, gefenta laushi. Fara daga tsakanin biyun. Ɗora amfilifayar a kan kujera, kuma ba sai ta yi ƙarar gidan biki ba.

Ɗakin ma yana shiga cikin naɗin. Tafa hannu sau ɗaya ka saurara: in ka ji ƙarar tana dawowa daga bango, ɗakin siminti ne fanko, zai sa kiɗan ya yi kamar a banɗaki. Ɗakin kwana mai katifa da labule da kafet da durowar kaya ya fi falo mai tayil nesa ba kusa ba. Jingina katifa a bangon da ke bayanka, ka rataya bargo mai kauri a ƙofa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, kada ka wahalar da kanka. Lokaci kuma ka zaɓe shi: bayan gari ya yi shiru da dare, ko da hantsi in yara sun tafi makaranta.

8. Ɗaukar farko

Sa sabbin tsirkiyoyi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don su gama miƙewa. Da damina gumi da laima suna sa su tsatsa da wuri, da hunturu kuma bushewar iska tana motsa katakon jitar, saitinta ya riƙa gocewa. Ajiye ta a jakarta, nesa da rana.

Saita tsirkiyoyi da na'urar saiti, ba da kunne kaɗai ba. Reaper tana da tata mai suna ReaTune. Ka sake dubawa kafin kowace ɗauka. Babu gyaran da ke ceto jitar da aka naɗa tsirkiya ɗaya ta sauka.

Ga mai jitar lantarki, danna FX a jikin layin ka ɗora amfilifayar manhaja. Neural Amp Modeler kyauta ce, AmpliTube da Guitar Rig ma suna da zubin kyauta. Idan ka ji sautin yana zizar kamar ƙudan zuma, duba ko akwai ɓangaren akwatin lasifika a bayan amfilifayar, wanda suke rubutawa Cab ko IR. In babu shi haka sautin yake fita. Daɗin wannan hanya shi ne busasshen sautin ne ake adanawa, don haka gobe za ka iya sauya amfilifaya ba tare da ka sake kaɗawa ba. Rage murɗiyar sautin amfilifayar (distortion) fiye da yadda kake so a ɗaki. A naɗi, rabin abin ya isa.

Kunna metronom, wato bugun da ke ƙirga maka lokaci, ka sa saurin waƙar, ka sa ya ƙirga maka zagaye ɗaya ko biyu kafin ɗauka ta fara. Na san da yawa ba sa son wannan ƙwas-ƙwas ɗin, amma ranar da za ka ƙara ganga ko kalangu ko murya a kai, za ka gode masa. In ya hana ka sakewa, sa sassauƙan bugun ganga a madadinsa. Mai makirufo ya rage ƙararsa a hedifon, don yana tsiyaya.

Danna Ctrl da R. Naɗi rabin minti, tsaya, saurara daga farko har ƙarshe kafin ka yi doguwar ɗauka. In komai lafiya, yi waƙar sau uku ko huɗu. In ka yi tuntuɓe a tsakiya kada ka tsaya, wuce. Daga baya za ka ɗauki baiti na farko daga wannan ɗauka, amshi daga waccan. In ka buga sautin ƙarshe, bar shi ya mutu da kansa, ka ƙirga uku a zuci kafin ka motsa. Danna Ctrl da S bayan kowace ɗauka.

In kana son kiɗan rakiya ya cika kunne, kaɗa shi sau biyu a layi biyu, ka tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafe layi ɗaya ka manna ba ya ba da wannan faɗin, ƙara kawai yake ƙarawa. Ɗan bambancin da ke tsakanin kaɗawa biyu shi ne sirrin.

9. Gyara kaɗan

Yanke shirun farko da na ƙarshe, ka sa ɗan lafawa a bakin kowane yanki don kada ya yi ƙaf. Daidaita ƙarar layuka da junansu tukuna, kafin ka taɓa wani abu.

Sannan danna FX ka buɗe ReaEQ, mai rage ko ƙara kauri da kaifin sauti. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa ne wajen sau 82 a daƙiƙa, don haka abin da ke ƙasa da 70 ko 80 ba kiɗa ba ne, girgizar tebur ce da gurnani, yanke shi. In jitar ta yi dumu-dumu, rage kaɗan tsakanin 200 da 400. Ragewa ta fi ƙarawa amfani. Amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti a manhaja (reverb) kuwa ka ɗaga ta har ka fara jin ta sosai, sannan ka rage.

In ka ga kana ta murɗe-murɗe rabin awa sauti bai gyaru ba, koma mataki na 4 ko na 7 ka sake ɗauka. Ya fi sauri.

10. Fitar da fayil

Duba babban ma'auni, kada ya taɓa ja. Bar ƙololuwarsa a -1 ko ƙasa. Shiga File, sai Render. Fitar da guda biyu: WAV mai bit 24 don ajiya ko kai wa injiniyan situdiyo, da MP3 mai 320 don rabawa. Idan wani ne zai haɗa maka sautin, fitar masa da kowane layi daban, dukkansu daga daƙiƙar farko ta waƙar, har da busasshen layin jitar, ka kuma rubuta masa saurin metronom.

Kafin ka tura wa kowa, saurara a lasifikar waya, da ƙaramar sifikar bulutut, da cikin mota in akwai, domin a nan mutane za su ji shi. Abin da ya dame ka a duka ukun, shi za ka koma ka gyara. A WhatsApp ka tura shi a matsayin Document, don ya isa yadda ka fitar da shi.

Layi ɗaya na mono a 48000 da bit 24 yana cin kusan megabait 9 a minti, don haka waƙa mai layuka goma da ɗauka da yawa tana iya haura gigabait ɗaya. Kwafe foldar waƙar gaba ɗayanta, ba fayil ɗin Reaper kaɗai ba, zuwa filas ko hadis na waje a ranar da ka gama, ka rubuta kwanan wata a sunanta.